Sauti gaban ma'ana: David Byrne, gitarsa da muryoyin da ya ara

1. Gabatarwa

Wanda ya tarar da sunan makaɗin gitar na Amurka cikin takardun sashen kimiyyar harshe yana da damar tambaya mi ya kawo shi nan. Dalili shi ne, David Byrne ya share shekaru yana aiki kan wata tambaya da muke koya wa ɗalibai tun shekarar farko: mi ya rage ga magana in aka zare mata ma'ana? Saussure ya kwatanta alamar harshe da takarda mai fuska biyu, sauti da ma'ana, wadda ba a yanka fuska guda ba tare da an yanka ɗayar ba. Byrne ya gwada yankan cikin situdiyo, da almakashi da zaren naɗar murya. Ya fara gwadawa kan harshensa, Ingilishi, sannan ya gwada kan harsunan wasu. A nan ne batun ya shafe mu, tunda da sunan Afirka aka yi babban ɓangaren gwajin, kuma cikin muryoyin da aka yanka har da ta masu karatun Alƙur'ani.

Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa dabarar guda ce a duka wuraren, amma sakamakon ya bambanta. Inda Byrne ya san harshen, wasa da ma'ana ya haifar da rubutun waƙa mai zurfi. Inda bai san shi ba, aikin ya dogara ga rashin sanin mai sauraro, kuma yana canza kama da zarar mai jin harshen ya kasa kunne. Za mu taƙaita ga shekarun 1977 zuwa 1981, sauran rayuwarsa mu ratsa ta a gurguje. Ba za mu kawo baitocin waƙoƙin ba, za mu bayyana gininsu ne kurum.

2. Mutumin da gitarsa

An haifi Byrne ran 14 ga Mayu 1952 a Dumbarton, ƙasar Sikotilan. Yana ɗan shekara biyu iyayensa suka ƙaura zuwa Hamilton ta Kanada, daga baya suka zauna Arbutus kusa da Baltimo. Ya shiga makarantar zane ta Rhode Island a 1970, bai kammala ba. A wannan gari ne ya san Chris Frantz, makaɗin ganguna, da Tina Weymouth wadda daga baya ta koyi gitar bas domin ƙungiyar. Su uku suka kafa Talking Heads a Niyu Yok cikin 1975, wasansu na farko kuma a gidan rawa na CBGB, suna share wa ƙungiyar Ramones fage. Jerry Harrison ya zama na huɗu a 1977. Sunan ƙungiyar daga bakin ma'aikatan talabijin ya fito: haka suke kiran hoton da ake nuna kai da kafaɗun mutum yana magana, babu wani motsi. Kai mai magana wanda aka raba da jikinsa. Da wuya a samu sunan da ya fi dacewa da abin da zai biyo baya.

Kalmar new wave da aka laƙaba musu ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatu da Faransanci, domin fassarar nouvelle vague ce ta silimar Godard da Truffaut. Seymour Stein, mai kamfanin Sire da ya ɗauke su, ya yayata ta saboda gidajen rediyon Amurka suna ƙyamar duk abin da aka kira punk. Wato tun farko sunan kasuwa ne, ba ya bayyana wani salon kiɗa guda. Abin da ya haɗa waɗanda aka kira da shi kawai shi ne juya baya ga makaɗin gitar na shekarun 1970, mai dogon gashi, wanda ke tsayawa shi kaɗai yana jan tsirkiya minti goma.

Kiɗan Byrne ya yi hannun riga da wannan. Sautin gitarsa siriri ne, tsaf, ba ya barin tsirkiya ta daɗe tana amo: yana bugawa ya danne, ya bugawa ya danne, har gitar ta koma kamar abin kaɗawa. Wannan hanya ta makaɗan James Brown ce, musamman Jimmy Nolen, sai dai Byrne ya cire mata laushi ya bar ƙashin. A faifan farko, Talking Heads: 77, gitar biyu na Byrne da Harrison ba sa bin juna, kowace tana cika gurbin da ɗayar ta bari. Ya kamata a riƙe wannan, saboda ana yawan cewa sauraron Fela Kuti ne ya koya musu saƙa sautuka. A ganinmu saƙar tana nan tun kafin su san Legas; abin da Fela ya ba su shi ne ƙarfin halin tsayawa kan amo guda na tsawon waƙa. Muryarsa ma haka take: ba ta da daɗi bisa ma'aunin mawaƙa (an ce tun yana yaro aka ƙi shi a ƙungiyar waƙa ta makaranta), tana tsinkewa, tana tsalle daga ƙasa zuwa sama kamar ta mutumin da aka firgita. Ya mai da wannan rauni jari.

3. Wa ke magana?

Ƙarfin Byrne na farko yana ga lamirin suna. Oswald Ducrot, cikin littafinsa na 1984, ya raba mutumin da ya furta magana da bakinsa, da wanda maganar ta nuna a matsayin mai ita, da kuma wanda ra'ayinsa ne aka bayyana. A waƙar rok ta gargajiya waɗannan uku mutum guda ne, ko aƙalla ana so a ɗauka haka: in mawaƙi ya ce «ni», zuciyarsa ce ke magana. Byrne ya warware wannan ƙulli tun waƙarsa ta farko da ta yi suna, «Psycho Killer», inda «ni» ɗin mai kisan kai ne. Ba wannan ne sabon abu ba, an daɗe ana waƙa da bakin mugu. Sabon shi ne yadda mai maganar ke sauya harshe tsakiyar waƙa, ya koma Faransanci daidai inda zai tuna abin da ya aikata. Weymouth, wadda mahaifiyarta Bafaranshiya ce ƴar Bretagne, ita ta taimaka da wannan ɓangare. Faransancin na littafi ne, mai ɗagawa, irin wanda ba a ji a titi. Mu da muke zaune cikin sauya harshe kullum mun san aikin da yake yi: mutum yakan koma Faransanci in yana son ya nisanta kansa da abin da yake faɗi, ko ya sa masa rigar girma. Mai kisan ya yi duka biyun.

A «Don't Worry About the Government», ta 1977 ita ma, mai maganar ma'aikaci ne da ke murnar gidan da zai shiga da dokokin ƙasarsa da ma'aikatan gwamnati. Babu wata alama cikin kalmomin da ke cewa ba'a ake yi, kuma babu wadda ke cewa da gaske ne. Mawaƙanmu ba su saba barin mai sauraro cikin wannan hali ba. Shata a Bakandamiya shi ne Shata, da sunansa da bugun ƙirjinsa. Ɗanmaraya Jos yakan ɗauki bakin miji ya ɗauki na mata, amma mai sauraro ya san inda shi kansa ya tsaya. Byrne yana ɓoye wurin tsayawar, kuma wannan ɓoyewa ita ce waƙar.

Misalin da ya fi ba mu aiki shi ne «Once in a Lifetime», ta 1980. Byrne ya ce ya gina ta ne bisa salon masu wa'azin Kirista da yake ji a rediyo. Baitocin duk suna fuskantar mutum na biyu, da kalmar yiwuwa, suna zana wani da ya farka ya tarar da kansa da babban gida da mota da mata bai san yadda aka yi ba. A gwada ba ɗalibai su juya ginin zuwa Hausa, nan take matsala za ta fito. Lamirin mutum na biyu na Ingilishi ba ya nuna jinsi, ba ya nuna adadi, kuma shi ne ake amfani da shi in ana nufin kowa da kowa. Bafaranshe dole ya zaɓa tsakanin tu da vous da on. Bahaushe zaɓinsa ya fi yawa: ka, ki, ku, ko a na boye-suna, kuma in ya ɗauki lokaci mai zuwa na biyu domin ya riƙe yiwuwar, sai ya sake zaɓa tsakanin ka, kya, kwa da a. Duk wanda ya zaɓa ya rufe ƙofofi uku. Waƙar kuwa tana rayuwa ne bisa barin ƙofofin a buɗe: mai wa'azin yana yi wa taro magana, yana yi wa mutum guda, yana yi wa kansa. Wannan aiki ne na wanda ya san harshensa ciki da bai, ya gano wani gurbi cikin nahawunsa ya gina ɗaki a ciki. Rashin tabbas ɗin ma'ana a nan ma'ana ce, kuma mai jin Ingilishi ne ya fi cin moriyarta.

4. Afirka marar harshe

Brian Eno, Baturen Ingila da ya shirya musu faifai uku daga 1978 zuwa 1980, shi ya saurarar da Byrne faifan Fela mai suna Afrodisiac na 1973. Alamar farko ta fito a «I Zimbra», waƙar da ta buɗe Fear of Music a 1979: gitar da dama suna maimaita gajerun jimloli masu shiga cikin juna, ganguna a gaba, taron muryoyi suna rerawa baki ɗaya. Mai sauraro a Amurka zai ɗauka wani harshen Afirka ne. Alhali kalmomin na Hugo Ball ne, Bajamushen da ya karanta waƙoƙinsa na sauti zalla a Cabaret Voltaire ta Zurik a 1916, lokacin kafuwar Dada. Gaɓoɓi ne da ba na kowane harshe ba.

Ana iya ɗaukar wannan a matsayin raha mai kaifi, kuma akwai rahar. Amma a duba tarihin gaɓoɓin. Ƴan Dada sun yi shagulgulan da suke kira na baƙar fata, da ganguna da abin rufe fuska, Tristan Tzara kuma ya tattara waƙoƙin Afirka da Oseyaniya daga littattafan masu binciken al'adu. A kunnen Zurik ta 1916, jerin gaɓoɓi masu baƙi da wasali, da mb da nd da maimaici, shi ne kamannin «harshen baƙar fata». Shekaru 63 bayan haka aka ɗauko wannan kwaikwayo aka ɗora shi bisa kiɗan da aka aro daga Legas. Kwaikwayon Afirka ya haɗu da aron Afirka, ba a bi ta kan ko harshe guda na nahiyar ba. A daidai lokacin kuwa shi Fela yana waƙa da Ingilishin kasuwa domin kowa ya ji, daga Legas har Akara. Saboda «Zombie» da irinta sojoji suka ƙone gidansa na Kalakuta a Fabrairun 1977, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo daga bene, ta rasu a 1978. Kiɗan da kalmominsa suka jawo wuta shi ne aka ɗauka aka zare wa kalmomi.

Remain in Light, wanda ya fito a Oktoban 1980, shi ne ƙololuwar aikin, kuma ba mu da niyyar rage masa daraja. An fara naɗarsa a situdiyon Compass Point na Nasau, tsibiran Bahamas. Maimakon a zo da waƙa a rubuce, makaɗan suna kaɗawa tare, a zaɓi ɗan guntun da ya yi daɗi, su koyi maimaita shi na tsawon mintoci, sannan a jera sassa bisa sassa. Yawancin waƙoƙin ba sa barin amo guda. Bambancin baiti da amshi yana samuwa ne ta hanyar buɗe wasu layukan naɗi da rufe wasu a teburin haɗa sauti. A «Once in a Lifetime» Eno da makaɗan ba su ma yarda kan inda bugun farko yake ba, aka bar saɓanin cikin waƙar. Gitar Byrne ta narke cikin saƙar, aka bar kururuwar ga Adrian Belew, kamar a «The Great Curve». Kalmomi su ne suka zo ƙarshe: Byrne yakan rera gaɓoɓin banza bisa kiɗan har ya samu siffar da ta zauna, sannan ya nemo kalmomin da suka dace da siffar. Haka ya sake yi a 1983, har ya sa wa faifan suna Speaking in Tongues, sunan da ƴan Fentikos ke ba maganar da ke fita bakin mai ibada ba tare da harshe sananne ba.

Kari kafin kalma ba baƙon abu ba ne gare mu. Aliyu Namangi ya ɗora Imfiraji bisa karin wata waƙar gari, caji, kuma marubutan waƙa da yawa suna fara gunguni kafin su kama alƙalami. Sai dai Hausa tana ɗaure mai yin haka fiye da Ingilishi: gaɓa mai nauyi da marar nauyi su ne awon baiti, kamar yadda Greenberg ya nuna tun 1949 kuma Russell Schuh ya faɗaɗa, ga karin sauti na sama da na ƙasa da ke rarrabe kalmomi. A harshe irin wannan, kari da kansa ya riga ya fara magana. Shi ya sa kalangu ke iya faɗin take, mai taken ya ji ya miƙe.

Byrne ya san da wannan, domin ya karanta. Tare da faifan aka raba wa ƴan jarida jerin littattafan da ya dogara gare su, ciki har da na John Miller Chernoff na 1979, African Rhythm and African Sensibility. Wannan gaskiya ce da ba kowane mai aro ke yi ba, kuma a yaba masa. Chernoff ya koyi kiɗa a Gana, wurin Ewe da kuma wurin makaɗan Dagomba na Tamale, waɗanda gangarsu lunga ƴar'uwar kalangu ce. Makaɗan lunga su ne ma'ajiyar tarihin sarauta: suna kaɗa sunayen yabo, waɗanda karin magana ne, suna jero asalin sarakuna. Littafin yana da darasi biyu ke nan, ɗaya kan yadda sassa ke shiga cikin juna kowa ya bar wa ɗan'uwansa wuri, ɗaya kan yadda ganga ke magana. Na farko ya shiga faifan gaba ɗaya. Na biyu bai shiga ba, kuma ba ya iya shiga, tunda yana bukatar taron da ke jin harshen.

Ko darasin farko ma ya tsaya ga kiɗa. Faifan da aka tallata da aƙidar aikin gayya ya fito da sunan Byrne da na Eno a gaba wajen mallakar waƙoƙi, sauran uku a dunƙule ƙarƙashin sunan ƙungiya. Frantz ya dawo kan wannan ƙorafi cikin littafin tarihin rayuwarsa na 2020.

5. Muryoyin aro

A Fabrairun 1981 Byrne da Eno suka fitar da My Life in the Bush of Ghosts, wanda mafi yawansa an naɗe shi kafin Remain in Light. Babu muryar Byrne a ciki. Madadinta an yanko muryoyi daga rediyo da wasu fayafai: mai wa'azi, mai fitar da aljanu, ɗan siyasa, mai kiran gidan rediyo, mawaƙan Larabawa. A lokacin babu na'urar da ke sauƙaƙa wannan, da hannu ake daidaita zare da zare. Ta fuskar fasaha aikin ya buɗe hanya ga abubuwa da yawa da suka biyo baya. Sunan faifan na littafin Amos Tutuola ne na 1954, kuma Byrne da kansa ya faɗa cewa ba su karanta littafin ba lokacin. Sunan ne ya yi musu. Ko take ma an ɗauke shi ne a matsayin sauti.

Muryoyin Ingilishi da na Larabci ba aiki guda suke yi a faifan ba, ko da yake hannu guda ya yanka su. In mai wa'azin Amurka ya yi magana, mai sauraron da aka nufa yana jin kalmomin, yana kuma jin yadda kiɗan ya fito da rawar da ke ɓoye cikin numfashinsa. Ana samun ma'ana biyu masu gogayya, kuma wannan bincike ne na gaske kan karin magana, wato hawa da saukar murya da tsayawarta, wanda duk mai nazarin furuci zai amfana da shi. In muryar Dunya Yunis ta Labanan ta shigo a «Regiment», babu gogayya, domin ba a sa ran kowa ya ji abin da take cewa. An bar abin da Barthes ya kira ƙwayar murya a 1972, jikin mai rerawa cikin sautinsa, aka jefar da sauran. Masanin kiɗa ɗan Danmak, Poul Rovsing Olsen, shi ya naɗi muryarta a Bairut cikin 1972, ta fito a wani faifan bincike na 1976 kan kiɗan duniyar Musulmi, daga nan aka yanko ta. An nemi izinin kamfanin faifan. Ita kuwa sai bayan shekaru da dama ta san muryarta ta zagaya duniya. A gefe guda, magadan Kathryn Kuhlman, mai wa'azi Ba'amurkiya, sun ƙi yarda a yi amfani da muryarta, aka cire ta kafin faifan ya fito. Wadda ke da magada kusa da lauyoyi an tambaye ta.

Daga wancan faifan bincike ne kuma aka yanko karatun Alƙur'ani na wasu mutanen Aljeriya, aka ɗora bisa kiɗa, aka sa wa waƙar suna «Qu'ran». A lura da inda aka sa alamar hamza: bayan wasalin farko, alhali gurbinta bayan r ne. Ƙaramin abu ne, amma yana nuna nisan da ke tsakani. Wata majalisar Musulmi ta Birtaniya ta nuna rashin yarda, aka cire waƙar daga bugun da suka biyo baya, aka sa «Very, Very Hungry» a madadinta, kuma ba a maido ta ba a sabon bugun 2006.

Masu sharhi na Turai sukan ba da wannan labari a matsayin karo tsakanin ƴancin fasaha da taɓa zuciyar masu addini. Muna ganin akwai hujja ta harshe da ta riga wannan. Karatun Alƙur'ani shi ne misali mafi tsauri da muka sani na maganar da aka ƙayyade sautinta domin kare ma'anarta. Tajwidi ya auna tsawon madda, ya faɗi inda ake gunna, ya kuma rarraba wuraren tsayawa: inda ya wajaba, inda ya halatta, inda ya munana saboda yana juya ma'anar aya. Duk wanda ya zauna gaban malamin allo ya san ana tsayar da yaro a kan jan wasali guda. A Aljeriya ma, kamar a makarantunmu, ruwayar Warshu ce ta fi yaɗuwa. Abin da kunnen Byrne da Eno ya ji a matsayin daɗin rerawa, wato ja da tsayawa da amon hanci, shi ne daidai wurin da ƙa'ida ta fi yawa. Wanda ya yanka zare domin ya dace da bugun ganga yana yin waƙafi inda bai san ko ya halatta ba. Shi ya sa al'adar ba ta kiran wannan waƙa, tana kiransa karatu. Zaton da faifan ya ginu a kai, cewa kowace murya ana iya sauraronta a matsayin kiɗa, ra'ayi ne na wata al'ada guda, kuma a nan ya ci karo da al'adar da ta yi ƙarnuka tana rubuta dalilan ƙin sa. Cire waƙar da suka yi ba tare da jayayya ba daidai ne.

6. Bayan haka

Abin da ya biyo baya sananne ne: «Burning Down the House» ta 1983, waƙarsu guda da ta shiga goman farko a Amurka, fim ɗin Stop Making Sense na Jonathan Demme a 1984, inda Byrne ya fito shi kaɗai da gitar da rakoda, makaɗa suna ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya har suka kai tara, lambar Oscar a 1988 tare da Ryuichi Sakamoto da Cong Su saboda kiɗan fim ɗin The Last Emperor, rabuwar ƙungiyar a ƙarshen 1991. Ya ci gaba da aiki shi kaɗai, daga Rei Momo na 1989 zuwa American Utopia na 2018 da Who Is the Sky? na 2025.

Abin da ya fi shafar zancenmu shi ne yadda hulɗarsa da kiɗan wasu ta sauya. Faifan ƙungiyar na ƙarshe, Naked na 1988, a Pari aka naɗe shi, da makaɗan Afirka a cikin ɗakin da sunayensu a bango: Mory Kanté na Gine da korarsa, Yves N'Djock na Kamaru da gitar, Abdou M'Boup na Senegal da ganguna. A wannan lokaci ya kafa kamfanin Luaka Bop, wanda ya fitar da waƙoƙin Tom Zé na Barazil da Susana Baca ta Peru a harsunansu, cikakku, da sunan masu su, daga baya kuma na William Onyeabor na Inugu a 2013. A 1999 ya rubuta wa jaridar New York Times maƙala yana sukar laƙabin world music, wanda ƴan kasuwar faifai suka zaɓa a wani taro a Landan cikin 1987, yana cewa akwati ne da ake zuba duk abin da ba na Turawa ba domin kada a saurare shi da gaske. Sukar ta yi daidai, kuma tana hawa kan faifansa na 1981 fiye da yadda maƙalar ta nuna.

A 2018 Angélique Kidjo ta Benin ta sake rera Remain in Light daga farko har ƙarshe, Tony Allen, tsohon makaɗin gangunan Fela, yana cikin waɗanda suka kaɗa mata. Ta riƙe kalmomin Byrne, ta ƙara nata da harsunan ƙasarta. Waƙar da ta fi canzawa ita ce «Listening Wind», labarin wani mutum da ya ga baƙi Amurkawa sun mamaye ƙauyensa ya shiga haɗa bam. Byrne ya ba da labarin da lamirin mutum na uku, cikin murya mai sanyi, daga nesa. Kidjo ba ta taɓa lamirin ba, amma a bakinta mai ba da labarin ya zama ɗan ƙauyen, kuma ɓangarorin da mai sauraron Niyu Yok ba ya ji yanzu akwai mutane a Kwatano da suke jin su.